Ɓera da Mai Juna Biyu: Abin da Ya Kamata Ki Sani

'Yar'uwa mai juna biyu, ɓeran da ke yawo a madafa da ɗakin ajiyar hatsi yana iya ɗauke da cutar da za ta taɓa abin da ke cikinki. 

Abin da aka gano

Akwai wata ƙwayar cuta mai suna LCMV wadda aka gano a Amurka a 1933. Ɓeran gida ne ke ɗauke da ita. Idan ɗan ɓera ya kamu tun yana cikin uwarsa, yakan rayu da ita har ƙarshen ransa ba tare da ya yi ciwo ba, yana ta fitar da ita a fitsari da kashi da yawu. Idan irin wannan ɓera ya kutsa inda ake kiwon hamsta, wata ƙaramar dabba dangin ɓera, sai cutar ta koma jikinsu, daga nan ta kama masu kula da su. A 2005 wasu marasa lafiya uku sun rasu a Amurka bayan an dasa musu sassan jikin wata mata da ta kamu daga hamstar da ake kiwo a gidanta. Ga mai ciki kuwa, cutar tana iya jawo ɓari, ko taruwar ruwa a kan jariri, ko lalacewar ganinsa.

Wadda ta fi kusa da mu

LCMV dangi ɗaya take da ƙwayar zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yau. Ɓera mai yawan nonuwa ne babban mai ɗauke da ita, kuma an same ta a wasu nau'o'in ɓera. Tana shiga jiki ta abincin da ɓera ya yi wa fitsari ko kashi, ko ta jini da ruwan jikin maras lafiya. Alamun sukan bayyana cikin kwana 21: zazzaɓi, ciwon kai, ciwon maƙogwaro, amai da kasala. A watanni ukun ƙarshe na ciki cutar ta fi tsanani ga uwa, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na cikin kan zube. An fi samunta lokacin rani.

Me za ki yi?

Ki zuba hatsi da gari a mazubi mai murfi, ki rufe sauran abinci da ruwan sha. A daina shanya abinci a ƙasa ko a bakin hanya. Kada ki taɓa mushen ɓera ko ki share kashinsa. Maigida ya ɗauke miki wannan aiki: ya sa safar hannu, ya jiƙa wurin da ruwan bilic kafin ya goge, domin shara a bushe tana tayar da ƙurar da ake shaƙa. A toshe ramuka, a kai shara nesa da gida, a hana yara farautar ɓera.

Idan zazzaɓi ya kama ki, musamman in kin sha maganin maleriya bai sauka ba, kada ki jira ranar awo. Ki zo asibiti nan take, ki faɗa wa likita ko akwai ɓeraye a gida ko kin yi jinyar wani. Har yanzu babu allurar rigakafin Lassa da aka amince da ita, amma fara magani da wuri yana ceton rai.

Allah Ya sauke ki lafiya.