Makin Bashi da Hukuncin Bankunan Amurka kan Masu Neman Katin Bashi

A Amurka, mutumin da ya cike takardar neman katin bashi ta intanet yakan sami amsa cikin daƙiƙoƙi kaɗan, kuma a mafi yawan lokuta babu wani ma'aikacin banki da ya karanta sunansa kafin a yanke masa hukunci. Katin bashi shi ne katin da banki yake bai wa mutum domin ya yi sayayya da kuɗin bankin har zuwa wata iyaka da aka ƙayyade masa, sannan ya biya a ƙarshen wata, ko kuma ya biya wani ɓangare a ɗora masa kuɗin ruwa a kan ragowar. Tun da galibi babu jingina a irin wannan bashi, abin da banki ya dogara da shi kawai shi ne hasashen ko mutumin zai biya, kuma wannan hasashe ne aka dunƙule cikin lamba mai alƙaluma uku da ake kira makin bashi.

Makin da ya fi shahara shi ne na kamfanin Fair Isaac, wanda injiniya Bill Fair da masanin lissafi Earl Isaac suka kafa a 1956, kuma a 1989 ne ya fitar da makin FICO na bai-ɗaya wanda kowane banki zai iya saya. Makin yana farawa daga 300 ya ƙare a 850, ana kuma ciro shi daga bayanan da manyan kamfanoni uku masu adana tarihin bashin jama'a suke tarawa, wato Equifax da Experian da TransUnion. Bisa bayanin da kamfanin da kansa ya bayar, kashi 35 cikin ɗari na makin ya rataya ne a kan yadda mutum yake biyan bashi a kan lokaci, kashi 30 a kan yawan bashin da ke kansa, kashi 15 a kan daɗewar tarihinsa, sauran kashi 20 kuma an raba su daidai tsakanin sababbin basussuka da ire-iren bashin da ya taɓa ɗauka. Abin lura a nan shi ne babu albashi a cikin lissafin, babu ajiyar banki, babu dukiya. Makin ba ya auna arziki, abin da yake ƙoƙarin faɗa shi ne yiwuwar mutum ya yi jinkirin biya na kwana 90 ko fiye cikin shekaru biyu masu zuwa.

Dalilan da suka sa bankuna suka rungumi wannan ma'auni sun samo asali daga tarihin katin kansa. A 1958 Bank of America ya aika da katuna kimanin 60,000 ga mazauna garin Fresno na jihar Kalifoniya ba tare da sun nema ba, kuma asarar da ta biyo bayan faɗaɗa shirin ta nuna cewa ba a raba bashi ga dubban mutanen da ba a sani ba sai da hanyar tantance su mai sauƙin kuɗi. Doka ma ta tura bankunan zuwa wannan hanya, domin dokar daidaita damar samun bashi ta 1974 ta haramta nuna bambanci saboda jinsi ko matsayin aure, gyaran da aka yi mata a 1976 kuma ya ƙara launin fata da addini da asalin ƙasa da shekaru. Kafin lokacin, mace kan sha wahalar samun kati da sunanta ba tare da sa hannun mijinta ba, kuma ra'ayin jami'in banki game da tufafin mai nema ko unguwarsa yana iya zama hukunci. Lissafin da ba ya ɗauke da waɗannan siffofi ya zama kariya ga banki a gaban kotu.

Dalili na uku shi ne wanda ya sauya ma'anar makin gaba ɗaya. A 1978 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Marquette cewa bankin da ke da lasisin tarayya yana iya cajin kuɗin ruwan da jiharsa ta amince da shi a kan abokan hulɗarsa na kowace jiha, abin da ya sa Citibank ya mayar da harkar katinsa Dakota ta Kudu a farkon shekarun 1980, inda aka cire iyakar kuɗin ruwa. Da aka cire wannan takunkumi, bankin da a da zai ƙi mai rauni ya sami zaɓi na biyu, wato ya karɓe shi amma ya tsawwala masa farashi. Daga nan makin ya tashi daga matsayin mai gadin ƙofa ya koma ma'aunin farashi, kuma kamfanoni irin su Capital One sun gina kasuwancinsu a shekarun 1990 a kan rarraba jama'a rukuni-rukuni da gwada wa kowane rukuni tayin da ya dace da haɗarinsa.

Saboda haka hukuncin da ake yankewa a yau ya ƙunshi abubuwa uku: ko za a ba da katin, nawa ne iyakar kuɗin da za a iya ci, da kuma nawa ne kuɗin ruwa. A rabe-raben da FICO ya saba amfani da su, maki daga 670 zuwa 739 mai kyau ne, daga 800 zuwa sama kuwa na musamman ne, ƙasa da 580 kuma mai rauni. Mai babban maki shi ake zawarci da katuna masu garaɓasa da tikitin jirgi na kyauta, mai ƙaramin maki kuma yakan ƙare da kati mai ƙaramar iyaka da kuɗin shekara, ko kuma katin da sai ya ajiye kuɗinsa a banki a matsayin jingina kafin a ba shi. Sai dai makin ba shi kaɗai ne alƙali ba. Dokar katin bashi ta 2009 ta wajabta wa banki duba ƙarfin biyan mai nema, ta kuma hana ba wa wanda bai kai shekara 21 ba kati sai yana da kuɗin shiga na kansa ko mai tsaya masa, don haka mai maki 780 yana iya shan ƙi idan kuɗin shigarsa bai kai ba ko kuma ya buɗe katuna da yawa cikin ɗan lokaci.

Amfanin tsarin a fili yake, domin ya sauƙaƙa bashi ga miliyoyin mutanen da a da ba su da wanda zai gabatar da su ga manajan banki, kuma rahoton da Babban Bankin Amurka ya miƙa wa majalisa a 2007 ya tabbatar da cewa makin yana hasashen rashin biya da kyau. Amma akwai illar da ba a cika fitowa da ita ba, wadda ke cikin yadda hukuncin banki yake komawa ya shafi makin da ya haife shi. Babban ɓangare na kashi 30 ɗin nan na yawan bashi yana duba rabon bashin da mutum ya ci da iyakar da aka ba shi. Mutum biyu da kowannensu ya ci dala 450 a wata ba ɗaya suke ba a idon lissafin, domin wanda iyakarsa dala 500 ce ya cinye kashi 90 cikin ɗari, alhali wanda iyakarsa dala 10,000 ce bai kai kashi 5 ba. Ƙaramin maki ya jawo ƙaramar iyaka, ƙaramar iyaka ta sa makin ya kasa tashi, tsadar kuɗin ruwa kuma ta ƙara wahalar biya a kan wanda dama shi ne ya fi ƙarancin hali. Neman katin ma kansa yana barin tabo, tun da kowane bincike da banki ya yi a kan tarihin mai nema yana zama a rubuce shekara biyu kuma yana rage maki kaɗan, ta yadda wanda aka ƙi ya ruga wani banki yana ƙara wa kansa nauyi. Jinkirin biya kuwa, da zarar ya kai kwana 30 an rubuta shi, yakan zauna shekara bakwai.

Waɗanda tsarin ya fi cutarwa su ne waɗanda ba ya ganinsu sam. Kafin FICO ya fitar wa mutum maki, sai yana da asusun bashi da ya kai wata shida da buɗewa, don haka matashi da sabon baƙon haure da mutumin da ya ƙi cin bashi saboda addini ko tarbiyya duk suna faɗawa rami ɗaya, komai tsabtar mu'amalarsu. Hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi ta Amurka ta ƙiyasta a 2015 cewa manya miliyan 26 ba su da wani tarihin bashi, ko da yake daga baya ta rage wannan adadi, kuma ta nuna cewa matsalar ta fi yawa a tsakanin baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka da mazauna unguwannin talakawa. Wannan babban aibi ne, domin mutumin da ya shekara goma yana biyan hayar gida ba fashi ya nuna amana, amma bisa al'ada masu gidaje ba sa kai rahoton biya sai dai rahoton gazawa idan bashin ya kai hannun kamfanonin da ke karɓo bashi. Ga kuma kurakurai: binciken Hukumar Kasuwanci ta Tarayya da aka fitar a 2013 ya gano cewa mutum ɗaya cikin biyar yana da kuskure a aƙalla ɗaya daga cikin rahotanninsa, kuma kusan kashi 5 cikin ɗari suna da kuskuren da zai iya sa bashi ya yi musu tsada.

Gyare-gyaren da aka yi sun rage zafin abin ba tare da sun taɓa tushensa ba. Wata doka ta 1970 ta bai wa kowa 'yancin ganin rahotonsa da ƙalubalantar kuskure, kuma tun 2011 bankin da ya ƙi mai nema bisa maki dole ya bayyana masa makin da manyan dalilan da suka rage shi. Makin VantageScore, wanda kamfanonin uku suka ƙirƙiro a 2006, yana iya auna mai gajeren tarihi, Experian kuma ya fara a 2019 ba mutane damar shigar da biyan kuɗin wuta da waya cikin lissafinsu, sannan a 2023 kamfanonin uku suka cire bashin asibiti da bai kai dala 500 ba daga rahotanni. A 2023 ɗin ce kuma jimillar bashin katuna a Amurka ta haura dala tiriliyan 1 a karon farko, kuma kuɗin ruwan da ake biya a kan wannan bashi yana fitowa ne daga aljihun waɗanda ba sa iya biyan duka a ƙarshen wata, waɗanda galibinsu ke ƙasan ma'aunin, yayin da garaɓasar katunan ta fi komawa ga waɗanda ke samansa.