A Auna Iskar Kafin A Sayo Fankokin



Ina so in tofa albarkacin bakina kan maganar samar da wutar lantarki daga iska. Ni manomi ne, ina kuma taɓa 'yar tireda a nan Kawo, inda nake sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya da rani. Duk ranar da aka ɗauke wuta kayan firjina asara ne, ga shi tun da aka cire tallafin mai a 2023 tayar da janareta ya zama sai mai hali. To ka ga duk maganar da ta shafi wuta ta shafe ni.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, nakan ji mutane a majalisa suna cewa ai iska kyauta ce, ga ta nan Allah ya hore mana, me zai hana gwamnati ta sayo fankokin nan ta kakkafa? Jama'a, maganar ba haka take ba, kuma gonata ce ta fara koya mini.

Ina da gona a bayan Rigachikun, rabinta a kan tudu mai duwatsu, rabinta a gangare wajen fadama. Idan an yi sussukar dawa, mata ba sa shiƙa a gangare, domin sai ƙaiƙayin ya dawo musu cikin ƙwarya. Kan tudun suke hawa, nan iska ke kwashe ƙaiƙayi tas. Idan kuwa suka kuskura suka tsaya a bayan dutsen, sai iskar ta riƙa juyi kamar ƙaramar guguwa, ta watsa musu cikin ido. Gona ɗaya ke nan, taku bai fi ɗari biyu ba, amma iska iri uku.

Da na ba ɗan ƙanena wannan labari, wanda ke karatun injiniya a Zariya, sai ya ce ai Baba, abin da masana ke aunawa ke nan. Ya ce iska idan ta hau tudu takan ƙara gudu a ƙololuwa, idan ta ratsa tsakanin duwatsu biyu ta matse ta ƙara ƙarfi, a bayan dutse kuwa ta rikice, kuma wannan rikitacciyar ita ke gajiyar da fikafikan inji. Shi ya sa ake kafa doguwar hasumiyar ƙarfe, a ɗaura mata na'ura mai 'yan kofuna uku da ke juyawa, da wata mai nuna inda iskar ta fito, a hawa daban-daban. Sai a bar su suna ɗaukar lissafi dare da rana, aƙalla shekara guda cur.

Dalilin shekara guda kuwa kowane manomi ya san shi. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta damina daga kudu maso yamma, sannan akwai kwanakin da ko ganye ba ya motsi. Wanda ya auna a watan Janairu kaɗai ya yaudari kansa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da yaron ya ce idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da ke cikinta sau takwas yake ninkawa. Wato ɗan kuskure kaɗan wajen awo yana iya cinye rabin wutar da aka sa rai. Kuma awon da ake yi a filayen jirgin sama, a tsayin mita 10 ake yinsa, a fili shimfiɗaɗɗe, ba zai gaya maka halin iskar da ke kan dutsen Kagoro ba.

Muna da darasi a maƙwabta. A Lambar Rimi ta Jihar Katsina an kafa fankoki 37 na kamfanin Vergnet na ƙasar Faransa, kowace tsayinta mita 55, da nufin su ba da megawat 10. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ne ya ɗauko aikin tun yana gwamna, daga baya Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi. A watan Disamba na 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan Bafaranshe da ke aikin, bai kuɓuta ba sai Nuwamba 2013, aiki ya tsaya, aka haura shekara goma da farawa talaka bai ga wutar ba. Rimi fili ne shimfiɗaɗɗe, amma ga wahalar da aka sha. Ina ga namu wuraren masu duwatsu, inda ga matsalar tsaro da ta hanya, ga kuma iskar kanta mai saurin sauya hali?

Don haka ina kira ga Gwamnatin Jihar Kaduna da Hukumar Makamashi ta Ƙasa da su haɗa kai da malaman Jami'ar Ahmadu Bello, a kafa hasumiyoyin awo a tsaunukan Kagoro da Kajuru da wajen Kufena. Kuɗin awo bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na fanka ko da guda ɗaya. A tuntuɓi hakimai da masu gonaki kafin a kafa, a biya mai gona haƙƙinsa, a ɗauki yaran ƙauyen gadi, domin abin da mutanen gari suka ɗauka nasu ne ba ya ɓata. In an gama kuma a buga sakamakon a jarida, a karanta a rediyo da Hausa, kowa ya ji.

Idan awo ya nuna iskar ta isa, alhamdulillahi, a kawo fankoki. Idan ya nuna ba ta isa ba, a faɗa mana gaskiya, a juya kuɗin ga wutar hasken rana, wadda ita kam muna da ita har ta yi yawa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kada a wayi gari iska tana wahalar da mai kayan kara, an binne dukiyar jama'a a kan dutse, mu kuma muna nan muna zubar da kunun aya da ya yi tsami.

Allah ya ba shugabanninmu ikon sauraro, amin.

Daga wani manomi,
Kawo, Kaduna.