Dariyar Malam Zurƙe da Yaron da Ke Koyon Karatu

Akwai iyayen da in suka ga yaro ya duƙufa kan littafin aljannu da tsuntsu mai magana yana ƙyaƙyata dariya, sai su ce shirme yake karantawa, a ba shi na lissafi. Sun manta cewa da irin wannan shirmen aka raini rubutaccen ƙagaggen labarin Hausa na boko.

A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya sa gasar rubuta labarai, don yaran makaranta sun iya haɗa baƙi amma ba su da abin karantawa na nishaɗi. Cikin waɗanda suka yi nasara akwai Abubakar Imam, matashin malami a Midil ta Katsina, da Ruwan Bagaja. A littafin, jarumin labarin, Alhaji Imam, ya bar Kwantagora neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya ratsa ƙasashe har ya shiga duniyar aljannu. Amma ka tambayi dattijon da ya karanta shi yana firamare, me ya fi tunawa? Da wuya ya ce aljannun. Malam Zurƙe ɗan Muhamman zai ambata. Yau Alhaji ya yi masa ƙeta a wannan gari, gobe Zurƙe ya rama a wancan, kowa na zaton ya gama da ɗan'uwansa, sai ga shi sun sake kaciɓus. Abin al'ajabi ne ke jawo yaro ya buɗe littafin, amma ramuwar gayyar nan ce ke hana shi ajiyewa, yana ɗokin ganin wa za a kunyata a babi na gaba. Kafin ya ankara ya cinye shafi ashirin ba bulala.

Abubakar Imam ya ƙara goge dabarar a Magana Jari Ce, littafi uku da suka fara fitowa a 1937. Aku ne ke riƙe Musa ɗan sarki da labari bayan labari har gari ya waye, don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri. Da yawan labaran daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai aka ɗebo su, amma Imam ya sa musu rawani da babbar riga, har ba ka jin baƙi ne. Wa'azi na ciki, ba shakka, sai dai yana zuwa ne bayan an gama dariya.

Daga baya Umaru Dembo ya kai yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Bayan haka kasuwa ta karkata ga littattafan soyayya na Kano, waɗanda don manya aka rubuta su. Ɗan shekara goma a yau zane mai motsi na waya ya fi samu, yawanci ma ba da Hausa ba. Marubucin da ke son shiga fagen rubuta wa yara bai rasa jari ba: Gizo da Ƙoƙi na nan, Botorami da Dodo na nan, ga kuma damar sa Gizo a Keke Napep.