Kayan Zaƙin Hausawa a Ma'aunin Masu Ƙin Cin Abin da Ya Fito Daga Dabba

A cikin shekarar 1944 wani Bature mai suna Donald Watson da waɗansu abokansa suka kafa ƙungiya a Ingila, suka kira kansu "bigan", watau mutanen da ba su cin nama, ba su kuma taɓa madara da ƙwai da man shanu, har ma da zuma, don kuwa ƙudan zuma ne ya yi wahalarta. Wurin da wannan aƙida ta fi ba su wuya shi ne kayan zaƙi, saboda kek da biskit na Turawa a kan ƙwai da man shanu aka gina su. Ƙwai shi ke haɗa kan ƙullun, man shanu kuma shi ke sa laushi. In aka cire su sai a shiga neman madadi.

Bahaushe ba shi da kalma ta musamman ga wannan aƙida, bai kuma taɓa ƙyamar nono ko nama ba. Amma in aka duba faifan mai tallar kayan zaƙi, za a tarar yawancin abin da ke kai daga gona ya fito. Kantu riɗi ne da sukari kurum: a soya riɗi sama-sama, a zuba shi cikin narkakken sukari, a shimfiɗa a yanka tun da zafi. Sukarin nan da ya daskare shi ya yi aikin ƙwai. Dakuwa kuwa aya ce da gyaɗa da ɗan yaji, ana daka su har man da ke jikinsu ya fito ya sa su dunƙulu. Haka kwakumeti, haka alewa.

Alkaki shi ya fi wuyar sha'ani, shi ne kuma ake auna gwanintar mace da shi a lokacin gara. Ana ɓarza alkama, a murje ta da mai, a kwaɓa da ruwan tsami, a rufe ta ta kwana. Kashegari a zuba ruwan kanwa a kirɓa. Haɗuwar tsami da kanwa ita ke haifar da iska a cikin ƙullun, shi ya sa alkaki mai kyau yake rugurgujewa a baki maimakon ya yi tauri. Danƙon alkama kuma shi ke ba da damar a murza shi a naɗe ba tare da ya tsinke ba. Bayan an soya a hankali, sai a tsoma shi cikin zaƙi. To, a nan ne hanya ta rabu. Alkakin da aka tsoma a zuma ya fita daga ma'aunin waɗancan mutane, wanda aka tsoma a dafaffen sukari da lemon tsami kuwa ya shiga, muddin ba da nono aka tsamama shi ba. Nakiya ma haka take: ta man gyaɗa ta shiga, ta man shanu ba ta shiga ba, ko da yake tsofaffi za su ce ta man shanun ita ce nakiya. Gullisuwa da tuwon madara ba a ma maganarsu.

Akwai wani abu kuma game da sukarin kansa. Waɗansu masana'antu, musamman a Amurka, da gawayin ƙashin shanu suke tace sukarin rake don ya yi fari, saboda haka masu tsanantawa daga cikin 'yan aƙidar suna gudunsa. Mazarƙwaila ba ta da wannan matsala, tun da ruwan rake ne aka matse aka dafa har ya yi kauri, aka zuba a mazubi ya sandare, kamar yadda ake yi a ƙasar Maƙarfi. Maɗin ɗinya ma 'ya'yan itace ne aka jiƙa aka tace aka dafa.