MUTUMIN ZARIYA A KASUWAR 'YAN ƘWALLON KWANDO

Kowace shekara idan watan Yuni ya raba tsakiya, lokacin da manoman Birnin Kudu da na Gwaram suka duƙufa ga noman farko, akwai wata irin kasuwa da take soma ci a ƙasar Amurka, wadda ba ta da rumfa ko ɗaya. Kasuwar kuwa ita ce ta zaɓen sababbin 'yan wasan ƙwallon kwando na babbar ƙungiyar nan da ake kira NBA, mai kulob 30, watau 29 a Amurka, ɗaya kuma a birnin Toronto na ƙasar Kanada. Samarin da ke cika gidajen kallo a garuruwan nan biyu sun fi sabawa da ƙwallon ƙafar Ingila da Sifen, ga shi kuma ƙarfe 8 na dare a New York, lokacin da ake fara zaɓen, ya yi daidai da ƙarfe 1 na dare a nan. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Sara ya ga yadda dillali ke raɗa wa mai saye cewa ga wani can ya taya fiye da haka, to, ba zai sha wuya ba wajen gane abin da ke gudana a can. Wani abin da zai ƙara jan hankalin mai karatu shi ne, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kowa iya cin wannan kasuwa a Zariya ya tashi.

YADDA AKE ZAƁEN

A ƙwallon ƙafar Turai, kulob mai kuɗi shi ke sayen wanda ya ga dama. A NBA ba haka abin yake ba. Yaran da suka fito daga jami'o'in Amurka da na wasu ƙasashe, jera su ake yi, kulob-kulob su riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya har zagaye biyu, mutum 60 ke nan idan ba a hukunta wani kulob ba. Waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ake bai wa gaba, domin kada mai ƙarfi ya dawwama da ƙarfinsa. Da aka lura wasu na kayar da kansu da gangan don su sami gaba, sai aka shigo da kuri'a a 1985, sa'an nan a tsarin da aka soma aiki da shi a 2019 aka daidaita rabon kulob uku na ƙarshe, kowanne kashi 14 cikin 100 na samun lamba ta ɗaya.

Kafin kuri'a, kwabo ake jefawa sama. Da haka kulob ɗin Houston ya rinjayi na Portland a 1984, ya ɗauki Hakeem Olajuwon, ɗan Ikko, wanda ya fara shiga gasar ƙwallon kwando a wani bikin wasannin makarantun horon malamai da aka yi a Sakkwato. Portland suka ɗauki Sam Bowie, suka bar wa Chicago wani yaro mai suna Michael Jordan. Har yau mutanen Portland ba su daina jin gori ba.

Abin da ya mai da zaɓen kasuwa shi ne, gurbin zaɓe kansa haja ne. Kulob na iya bayar da gurbinsa na bana, ko na shekaru masu zuwa har bakwai, ya karɓi ɗan wasan da ya riga ya gwanance, sai dai doka ta hana shi rabuwa da gurbin zagayen farko na shekara biyu masu zuwa a jere. Ya kamata a tuna cewa kwantaragin aiki ake musayar, ba mutum ba, ko da yake wanda aka tayar daga gidansa da tsakar dare aka ce ya koma wani gari ba lalle ya ga bambancin ba.

Daga nan ne jita-jita take samun gindin zama. Manaja yakan tsegunta wa ɗan jarida cewa kulob uku na zawarcin ɗan wasansa, alhali kuwa ko ɗaya bai taya ba. Wakilin yaro yakan baza cewa wane ya yi masa alkawarin lamba ta goma, don na takwas ya firgita ya riga shi. Wani kuma yakan yabi wanda ba ya so a bainar jama'a, ya yi shiru game da wanda ke ransa. Galibin abin da ake bugawa a makon zaɓe ba ya tabbata, kuma waɗanda suka baza shi sun fi kowa sanin haka.

DAGA ZARIYA ZUWA DENVER

An haifi Masai Ujiri a Ingila a 1970, mahaifinsa mutumin Isoko ne daga Jihar Delta ta yanzu, mahaifiyarsa kuma likita ce 'yar ƙasar Kenya. A Zariya aka rene shi, a can ne kuma ya fara jefa ƙwallo a kwando yana ɗan shekara 13, a hannun Oliver Johnson, Ba'amurken nan da ya daɗe yana horar da yara a Jami'ar Ahmadu Bello. Ya yi karatu a Amurka, ya yi wasa a Turai, amma bai kai matsayin shiga NBA ba. A 2002 ya karɓi aikin nemo 'yan wasa wa kulob ɗin Orlando ba tare da albashi ba, yana biyan kuɗin tafiye-tafiye daga aljihunsa. Shekara takwas bayan haka, a 2010, aka damƙa masa ragamar kulob ɗin Denver.

Ya tarar da wuta na ci. Carmelo Anthony, gwarzon kulob ɗin, ya ƙi sabunta kwantaraginsa, duniya kuma ta san New York yake so. Dillalin da kowa ya san dole ne ya sayar, ai an gama da shi. Amma Ujiri ya ƙi yin gaggawa. Wata da watanni jaridu suna ta buga cewa kulob ɗin New Jersey ya kusa sallamawa, a fasa, a sake tayar da maganar, har New York suka ji tsoron kada maƙwabtansu su yi musu shigar sauri. A watan Fabrairu na 1 ga shekarun da suka biyo, watau 2011, suka ba da 'yan wasa huɗu daga cikin waɗanda suke ji da su, da gurbin zagayen farko na 2014, da kuma wani ɗan sharaɗi da mutane ba su kula da shi ba a lokacin: cewa a 2016 Denver na da ikon musanya gurbinta da na New York idan nasu ya fi kyau. Denver ta ci wasa 57 cikin 82 a kakar 2012 zuwa 2013, aka zaɓi Ujiri gwarzon manajojin shekara, shi ne kuma mutum na farko da ba Ba'amurke ba da ya sami wannan lambar.

SHUKA A TORONTO

A watan Mayu na 2013 ya koma Toronto. Zaɓen shekarar ya zo masa hannu rabbana, domin magabatansa sun riga sun bayar da gurbinsu. Ya yi ta buga waya yana neman wanda zai sayar masa da gurbi don ya ɗauki wani siririn yaro daga ƙasar Girka, Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne. Ba wanda ya sallama. Milwaukee ta ɗauki yaron a lamba ta 15, ya zama gwarzon NBA sau biyu, ya kuma ci musu kofi a 2021.

Jim kaɗan bayan wannan rashi, Ujiri ya sake komawa kan New York. Ya ba su Andrea Bargnani, Ba'italiyen da Toronto ta ɗauka a lamba ta ɗaya a 2006 amma bai cika burin da aka ɗora masa ba, ya karɓi gurbinsu na 2016. A nan ne abin ban dariya ya faru. Da 2016 ta zo, New York ta yi mummunar kaka, gurbinta ya faɗo na bakwai, sai Denver ta zaro tsohon sharaɗin nan da Ujiri ya rubuta da hannunsa, ta karɓe shi, ta ɗauki Jamal Murray wanda ya taimaka mata ta ci kofi a 2023. Toronto ta sami na tara, ta ɗauki Jakob Poeltl. Kulob biyu suka girbe gonar New York, mai gonar kuwa ko zangarniya bai samu ba.

Haka kuma a daren zaɓen 2015 ya ba Milwaukee Greivis Vasquez, ya karɓi Norman Powell, wanda aka ɗauka can baya a lamba ta 46, tare da wani gurbi na 2017. Da wannan gurbi, na 23, ya ɗauki OG Anunoby, haifaffen Landan ɗan asalin Nijeriya, wanda sauran kulob-kulob suka guda saboda ya ji rauni a gwiwa a watan Janairun shekarar. A 2016 kuwa, bayan Poeltl, ya ɗauki Pascal Siakam, mutumin Duwala ta Kamaru, a lamba ta 27, masana da yawa suna cewa ya yi garaje. Fred VanVleet ma, wanda ba kulob ɗin da ya ɗauke shi a daren, Toronto ce ta kira shi daga baya. Ba kowane jifa ne ya sami tsuntsu ba: Bruno Caboclo, ɗan Birazil da ya ɗauka a lamba ta 20 a 2014 cikin mamakin kowa, bai tsinana wa kulob ɗin kome ba har aka rabu da shi.

RANAR GIRBI

Shekara biyar Toronto tana shiga wasannin ƙarshe na neman kofi tana dawowa hannu wofi. A 2018 ta ci wasa 59, mafi yawa a tarihinta, amma Cleveland ta lallasa ta sau huɗu a jere. Ujiri ya sallami mai horarwa Dwane Casey, a shekarar da aka ba shi lambar gwarzon masu horarwa. A daidai lokacin, jita-jita ta cika gari cewa Kawhi Leonard ya gaji da San Antonio, kuma Los Angeles yake son komawa. Wasa tara kacal ya buga a kakar saboda ciwo, saura shekara ɗaya kwantaraginsa ya ƙare. Masu iya magana sun ce ba a cinikin biri a sama, manajoji da yawa suka ja da baya. Zaɓen watan Yuni ya zo ya wuce ba a yi kome ba.

Ran 18 ga watan Yuli na 2018 aka wayi gari da labarin cewa Toronto ta ba da DeMar DeRozan, da Poeltl, da gurbinta na 2019, ta karɓi Leonard da Danny Green. DeRozan ya yi shekara tara a kulob ɗin, mutanen gari na ƙaunarsa, ya kuma fito fili ya nuna an yaudare shi, har sai da Ujiri ya ba shi haƙuri a gaban 'yan jarida. Ran 13 ga watan Yuni na 2019 Toronto ta doke Golden State, ta ci wasa huɗu cikin shida, kofin NBA ya fita daga Amurka karo na farko. Siakam da VanVleet suna cikin waɗanda suka fi zura ƙwallo a daren. Bayan mako uku Leonard ya tattara ya tafi Los Angeles, kamar yadda jita-jita ta faɗa tun farko.

Wanda ya bi sawun cinikin zai ga Bargnani ne ya haifi Poeltl, Poeltl kuma ya cika ma'aunin da aka sayi Leonard. Tsakanin shuka da girbi shekara shida ce, abin da ba kowane mai kulob ne zai iya jira ba.

INDA HAƘURI YA ZARCE

A zaɓen 2021 kusan duk jaridu sun gama rubuta cewa Toronto za ta ɗauki Jalen Suggs a lamba ta huɗu. Ujiri da babban manajansa Bobby Webster suka bar su suna ta rubutu, daren zaɓe suka kira sunan Scottie Barnes, wanda ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa na 2022.

Sai dai halin da ya ɗaukaka shi, shi ne kuma ya zame masa tarnaƙi. A farkon 2023 kulob ɗin ya tsaya cik, ana ta buga labarin masu zawarcin Anunoby da Siakam da VanVleet, shi kuwa kullum amsarsa albarka. Maimakon ya sayar, sai ya sayo: ya dawo da Poeltl daga San Antonio a bakin wani gurbi, wanda ya zo ya zama na takwas a 2024. VanVleet ya tafi Houston da kwantaraginsa ya ƙare, ba a sami ko anini ba. Da aka zo rabuwa da Anunoby a Disambar 2023, da Siakam a Janairun 2024, kowannensu saura 'yan watanni ya zama mai 'yancin kansa, masu saye kuma sun san haka. Mai hatsin da ya ƙi sayarwa da bazara yana jiran tsada, har sabo ya shigo kasuwa, ya san irin wannan ciwo. Toronto ta ci wasa 25 a kakar, ta ci 30 a ta biye, Siakam kuwa ya kai Indiana wasan ƙarshe na 2025.

A cikin dukan shekarun nan bai yanke hulɗa da gida ba. Tun 2003 ya kafa Giants of Africa, ƙungiyar da ta shirya sansanonin horar da yara ta kuma gina filayen wasa a Nijeriya da wasu ƙasashen Afirka. Dalilinsa a fili yake, domin mai neman 'yan wasa ba ya ganin yaron da ba shi da filin da zai tsaya, ko a Zariya yake ko a Gwaram, kome tsawonsa.

Gab da zaɓen 2025 jita-jita ta sake ɗaure Toronto da manyan sunaye, har da Kevin Durant da Antetokounmpo, wanda ya kuɓuce wa Ujiri shekara 12 da suka wuce. Durant ya tafi Houston, Phoenix ta karɓi gurbi na goma a cikin kuɗinsa. Toronto ta riƙe nata na tara, ta ɗauki Collin Murray-Boyles ran 25 ga watan Yuni. Aka gama zagaye na biyu ran 26. Kashegari da safe, ran 27 ga wata, masu kulob ɗin suka ba da sanarwar cewa sun rabu da Masai Ujiri, saura shekara ɗaya kwantaraginsa ya cika. A cikin dukan abin da aka buga a makon, wannan ne labarin da ba wanda ya tsegunta shi.