Maganin gaugai ya fito daga ɗakin bincike

Ƴan'uwa manoma, kowa daga cikinmu ya san gaugai, wanda wasu ke cewa ƙuduji. Furensa gwanin kyau, amma gonar da ya shiga, dawarta ba ta cika rumbu. A yau za mu ba ku labarin wani malamin jami'a da ya yaƙe shi, har duniya ta ba shi kyauta.

Wane ne wannan malami?

Sunansa Gebisa Ejeta. An haife shi a 1950 a wani ƙauye na ƙasar Habasha. Yana yaro, yakan taka kilomita 20 a ƙasa zuwa lakwal. Ya yi karatu har Jami'ar Purdue ta Amurka, inda ya samu digirin dokta a 1978. Ya yi aiki a Sudan, kuma a 1983 aka fitar da irin dawarsa mai jure fari, Hageen Dura-1.

Yadda gaugai ke cin dawa

Ƙwayar gaugai ƙarama ce kamar ƙura. Gindi ɗaya yakan zubar da dubban ƙwayoyi, su kwanta cikin ƙasa fiye da shekara 10. Ba su tsira don ruwan sama kawai. Suna jiran wani sinadari da saiwar dawa ke fitarwa. Da sun ji shi sai su tsira, su kama saiwar, su yi ta shan ruwa da abincin shuka. Kafin mu ga fure a sarari, an riga an yi ɓarna a ƙarƙashin ƙasa.

Ejeta da abokin aikinsa Larry Butler sun bi diddigin wannan sinadari. Sun zaɓo dawa wadda ba ta fitar da shi da yawa. Ke nan gaugai kaɗan ne ke farkawa kusa da ita. A 1994 aka raba tan 8 na wannan iri ga ƙasashen Afirka 12, har da Nijar.

Inda kasuwa ta shigo

Cikin shekarun 1990, shi da wani ɗalibinsa sun haɗa irin dawa mai suna NAD-1 domin ƙasarmu, cibiyar binciken noma ta INRAN kuma ta yi aikin yaɗa shi. Iri ne mai aure, wato an haɗa dawa kala biyu aka same shi. Yana ba da amfani da yawa, amma idan muka ajiye abin da muka girbe muka sake shukawa, albarkarsa takan ragu. Dole kowace shekara a nemi sabo. Wannan ya buɗe hanyar sana'a ga manoma da ƙungiyoyinsu masu noman iri don sayarwa.

A 2009 aka ba Ejeta Kyautar Abinci ta Duniya, a jihar Iowa ta Amurka. Kuɗinta dalar Amurka 250.000 ne. Ba dalarmu ta nan ba: a lokacin sun haura miliyan 100 na sefa.

Abin da ya rage gare mu

Iri shi kaɗai ba ya korar gaugai. Sai mun taimaka masa:

1. Mu tuge gaugai kafin ya yi fure, mu fitar da shi daga gona, mu ƙone.
2. Mu kai taki, domin gaugai ya fi ƙarfi a gonar da ta gaji.
3. Mu riƙa sauya shuka: bana dawa, baɗi gyaɗa.
4. Kada mu ɗebi iri daga gonar da gaugai ya cika.

Kafin mu sayi sabon iri, mu tambayi malamin gona ko ya dace da ƙasarmu da ruwan da muke samu. Mu fara gwada shi a ɗan gefen gona. Idan ya yi kyau, baɗi mu ƙara.

Allah ya ba mu damana mai albarka.