Hoton Sikana da Kansar Wuya da Maƙogwaro

Ɗan'uwa, idan ka ga ƙullutu a wuyanka, ko gyambo a baki da ya ƙi warkewa, ko muryarka ta dushe fiye da mako 3, kada ka zauna gida kana jiƙe-jiƙe. Ka je asibiti. Shan taba da giya na cikin manyan abubuwan da ke jawo wannan kansa.

Daga unguwar Zango a Wagadugu, ana iya tura ka babban asibitin Yalgado Ouédraogo wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Mai yiwuwa ya ce a yi maka sikana. Na'ura ce mai ɗaukar hoton cikin jiki yanki-yanki. Akwai sabuwar irinta mai haske iri 2, mai ƙarfi da mai sauƙi. Da ita ƙarin yakan fito sarai, kuma haƙorin ƙarfe ba ya ɓata hoton sosai. Inda babu ita, sikana ta yau da kullum tana aiki.

Kafin hoton, ka cire laya da sarƙa. Ka faɗa idan kana da ciwon ƙoda. 'Yar'uwa, ki faɗa idan kina da ciki. Za a yi maka allurar ruwan aidin ta jijiya, ka ɗan ji ɗumi, ya wuce.

Hoto kaɗai ba ya tabbatar da kansa, sai an gwada ɗan naman wurin. Wanda ya zo da wuri ya fi samun sauƙi. Allah ya ba da lafiya.